Radar ruwa da radar gajimare: me ake samu idan aka haɗa su?

Taswirar ruwan sama da ake nunawa a rahoton yanayi, wadda kore da rawaya da ja ke rarrafe a kanta, galibi daga na'urorin rada take fitowa. Amurka tana da kimanin 160 a tsarin NEXRAD, waɗanda aka kakkafa a shekarun 1990. Ƙasashen Turai suna tattara bayanan fiye da 200 wuri guda a ƙarƙashin shirin OPERA, kuma 17 daga ciki na hukumar yanayin Jamus ne. Duk da wannan yawa, sama za ta iya wuni a lulluɓe da gajimare, taswirar kuma ta nuna ba komai. Ba lalacewa na'urorin suka yi ba. An ƙera su ne don su ga ruwan da ya riga ya soma zuba, gajimaren da bai kai ga zubarwa ba kuwa yawanci wuce su yake yi, musamman idan yana nesa.

Akwai wata rada daban da aka ƙera saboda gajimaren. Ƙarama ce, ba ta da yawa a duniya, kuma akasari ba ta juyawa: tana girke wuri ɗaya ta ɗaga kai sama. An daɗe kowa da kiwon da ya karɓe shi, masu hasashen yanayi suna riƙe da radar ruwa, masu binciken gajimare suna riƙe da tasu. Yanzu ana ta ƙoƙarin haɗa su. Kafin a gane abin da haɗin ke bayarwa, sai an san abin da ya raba su tun farko.

Rada tana harba igiyar rediyo ne, ta saurari abin da ya dawo. Muddin ɗigo ya fi zangon igiyar (wato tazarar da ke tsakanin tozonta ɗaya da na gaba) ƙanƙanta sosai, ƙarfin amsar da yake mayarwa yana hauhawa da faɗinsa ta hanya mai ban mamaki: idan faɗin ya ninka biyu, amsar tana ninkawa sau 64. Ɗigon da ke cikin gajimare faɗinsa bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na milimita ba. Ɗigon ruwan sama na yau da kullum yana kai milimita 1. Faɗi ya ninka 100 ke nan, amma amsar ta ninka tiriliyan ɗaya, alhali ruwan da ke cikin babban ɗigon daidai yake da na ƙanana miliyan ɗaya kacal. Wato rada mai son manya ce. Ɗigo ƙwaya ɗaya da ya girma zai iya danne muryar ɗimbin ƙananan ɗigon da ke kewaye da shi. A ma'aunin dBZ da ake auna wannan amsa da shi, gajimare maras ruwa yana zama ne a wajen 40 zuwa 20 ƙasa da sifiri, ruwa matsakaici a wajen 30, inda kuma aka haura 55 sai a fara zargin ƙanƙara.

Doka ta biyu ita ce mafita. Iyakar gajartar zango, iyakar ƙarfin amsar ƙananan ɗigo: a rage zango da rabi, amsa ta ninka 16. Na'urorin NEXRAD suna aiki da zango na kimanin santimita 10, wanda ake kira S. Yawancin na Turai santimita 5 ne, wato C. Radar gajimare kuwa tana aiki da milimita 8.6 a zangon Ka, ko milimita 3.2 a zangon W. Daga santimita 10 zuwa milimita 3.2, ribar ta kusa ninki miliyan ɗaya. Shi ya sa na'ura mai faranti na mita ɗaya ko biyu, mai ƙarfin wuta kaɗan, take ganin siririn gajimaren da farantin NEXRAD mai faɗin mita 8.5 ke wucewa bai sani ba.

Sai dai wannan riba da kuɗinta. Gajeren zango ba ya jure tafiya cikin ruwa. A zangon Ka, ruwan da ke zuba milimita 10 a awa yana shanye fiye da rabin ƙarfin igiyar a kowace kilomita ɗaya, idan aka haɗa tafiya da dawowa. A zangon W abin ya fi muni: tururin da ke cikin iska ma yana cin nasa, haka ruwan da ya kwanta a kan murfin eriya. Da hadari ya sauko da ƙarfi, radar gajimare kan makance daidai lokacin da aka fi so a ga abin da ke faruwa. Igiyar santimita 10 kuwa tana ratsa ruwa kusan ba tare da ta rasa komai ba, har kilomita ɗaruruwa. Ga kuma matsala ta biyu: idan ɗigo ko dunƙulen dusar ƙanƙara ya girma har ya kusa tsawon zangon, dokar ninki 64 ta daina aiki, amsar ta daina hawa, wani lokaci ma ta sauka.

Bambancin bai tsaya ga zango ba, har da yadda kowace ke kallo. Radar ruwa tana juyawa, ta share da'ira a ƙasa-ƙasa, ta ɗaga kai kaɗan ta sake sharewa, har ta gama zagaye cikin minti 5 ko kusa da haka. Haskenta kamar na tocila yake, yana buɗewa da nisa. Idan faɗinsa digiri ɗaya ne, a kilomita 100 ya kai kaurin kusan kilomita 1.75, a kilomita 200 ya kai 3.5. Ƙasa kuma tana lanƙwasawa a ƙarƙashinsa. Ko da an kwantar da eriya zuwa rabin digiri, tsakiyar hasken yana kimanin kilomita 1.5 sama da ƙasa a nisan kilomita 100, a nisan 200 kuwa ya haura kilomita 4. Abin da taswira ke kira ruwa a wani gari mai nisa, a gaskiya abin da ke can sama da garin ne. Radar gajimare ita kuma tana ba da hoto kowane ɗaƙiƙu kaɗan, tana rarrabe sama mataki-mataki na kimanin mita 30, daga kusa da ƙasa har ƙolin gajimare. Amma siririn ginshiƙi ɗaya take gani, wanda faɗinsa bai wuce mita gomomi ba. Hadari zai iya wucewa kilomita biyar daga gefenta ba ta da labari.

Abu mafi sauƙi da haɗin ke yi shi ne cike wannan giɓi na ƙasa. Ruwa kan fito daga gindin gajimare ya ƙafe a hanya idan iskar ƙasa busasshiya ce, bai taɓa ƙasa ba. Radar ruwa da ke nesa za ta rubuta cewa an yi ruwa, ma'aunin ruwan da ke ƙasa ya ce ko ɗigo. Akasin haka ma yana faruwa, musamman a bakin teku da kan tuddai, inda ɗigo ke girma a kilomita ta ƙarshe yayin da yake ratsa gajimare na ƙasa-ƙasa, hasken rada kuma ya bi ta saman komai. Ginshiƙin radar gajimare yana nuna yadda amsa ke sauyawa daga inda hasken babbar rada ya ratsa har zuwa ƙasa. Idan aka tara irin wannan na shekaru, aka rarraba shi bisa ɗanshin iska da irin hadari, sai a sami abin gyara lissafi a wuraren da babu ƙaramar radar.

Sai batun inda ƙanƙara ke narkewa. A yawancin duniya ruwan sama a matsayin ƙanƙara yake farawa can sama. Idan dusar ta sauko inda zafi ya haura sifiri, bayanta ne ke fara jiƙewa. Ruwa ya fi ƙanƙara mayar da igiya kusan sau biyar, don haka babban dunƙule mai jiƙaƙƙen baya yana bayyana wa rada tamkar ƙaton ɗigon ruwa. Sakamakon shi ne wata shimfiɗa mai ƙarfin amsa, kaurinta mita ɗaruruwa kaɗan. Duk inda hasken radar ruwa ya ratsa wannan shimfiɗa, lissafi yakan ninka ruwan da ake yi a ƙasa, kuma wannan lissafin shi ne ake ciyar da hasashen ambaliya da shi. Radar da ke kallon tsaye tana nuna tsayin shimfiɗar da kaurinta ƙarara, domin a nan ne gudun faɗowa ke tashi daga wajen mita 1 a ɗaƙiƙa zuwa mita 5 ko fiye.

Inda abin ya fi daɗi a ganina shi ne inda aka mayar da raunin gajeren zango ya zama ma'auni. A ɗauka na'urori biyu suna kallon yanki ɗaya na gajimare. Idan ƙwayoyin ƙanƙara ƙanana ne, dukkansu za su ba da adadi ɗaya, bayan an cire bambancin zango. Da ƙwayoyin suka fara manne wa juna suna zama dunƙule, amsar mai gajeren zango za ta fara ja da baya, ta mai dogon zango kuma ta ci gaba da hawa. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce ke faɗin girman ƙwayoyin. Rada ɗaya ba za ta iya bambanta manya kaɗan da ƙanana masu yawa ba, biyu kuwa suna iyawa. Idan aka ƙara ta uku, har a fara rarrabe dunƙule mai sako-sako da wanda ya cure ya yi nauyi. An gwada wannan da zango uku a Hyytiälä ta ƙasar Finlan a 2014, da kuma Jülich ta Jamus a hunturun 2015. A kusa da birnin Munich ma an haɗa radar zangon C ta Oberpfaffenhofen da radar Ka da ke cikin birnin, suna yanka gajimare ɗaya daga ɓangarori biyu. Haka nan shanyewar igiya tana da amfani: tunda babbar rada ba ta rasa ƙarfi, yawan abin da ƙaramar ta rasa a hanya yana nuna yawan ruwan da ta ratsa. A zangon Ka dangantakar shanyewa da ƙarfin ruwa kusan miƙaƙƙiya ce, abin da ya sa wasu ke auna ruwa da ita kai tsaye.

Akwai wata dabara da ta cancanci a tsaya a kanta. Radar da ke kallon tsaye tana auna gudun faɗowar abubuwa ta hanyar tasirin Doppler, wato sauyin da motsin abu ke yi wa igiyar da ta dawo, kuma ba matsakaicin gudu kaɗai take bayarwa ba, tana rarrabe amsar gudu-gudu. Matsalar ita ce abin da take aunawa haɗin abu biyu ne: nauyin da ke jan ɗigo ƙasa, da iskar da ke hawa ko sauka da shi. Ɗigo mai saukowa a hankali, ƙarami ne ko kuwa babba ne da iska ke tallafe da shi? Roger Lhermitte, wanda ya fara amfani da zangon W wajen nazarin gajimare a Jami'ar Miami, ya nuna a 1988 cewa a wannan zango ɗigon da faɗinsa ya kai kimanin milimita 1.7 kusan ɓacewa yake yi, saboda yadda igiyar ke karo da kanta a jikinsa. Wannan yana barin wani rami a jerin gudun. An san cewa ɗigo mai wannan girma yana faɗowa da gudun da ya kusa mita 6 a ɗaƙiƙa idan iska a tsaye take. To duk inda ramin ya gusa daga nan, gusawar ita ce gudun iskar. Hawan iska shi ne injin hadari, kuma yana cikin abubuwan da suka fi wuyar aunawa a sararin sama.

Babbar rada ma ba a tsaye take ba. Tun 1976 Seliga da Bringi suka ba da shawarar a riƙa harba igiya biyu, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, a gwada amsoshinsu. Babban ɗigo idan yana faɗowa ba zagayayye ba ne, a baje yake, don haka amsar kwance ta fi ta tsaye. Ƙanƙara mai wuntsilawa ba ta nuna wannan bambanci. Zuwa 2013 an gama sanya wannan fasaha a dukkan na'urorin NEXRAD. Nan da nan sai alamu suka yi ta fitowa a sassan gajimare masu sanyi waɗanda ba a san takamaiman ma'anarsu ba. Sanannen misali shi ne abin da ake gani a tsayin da sanyi ya kai digiri 15 ƙasa da sifiri, inda ƙanƙara ke tsirowa da rassa shida. Alamar tana ƙarfi a can, sau da yawa kuma ruwa ko dusa na ƙaruwa a ƙasa bayan wani lokaci. Amma sababbin ƙwayoyi ne ke tsirowa a wurin, ko tsofaffi ne ke karyewa, ko kuwa iska ce ke hawa tana tara su? Babbar rada ba ta da amsa. Jerin gudun ƙaramar yana iya nuna ƙungiya ta biyu ta ƙwayoyi masu saukowa a hankali tana bayyana a gefen ta farko, wato shaidar sabuwar haihuwa. Irin haka ake bibiyar abin da Hallett da Mossop suka gano a 1974, cewa tsakanin digiri 3 da 8 ƙasa da sifiri, ɗigon ruwan da bai daskare ba idan ya daki ƙanƙara yakan fantsamar da ƙananan tsiraruwa. Dunƙulen dusa na saukowa da gudun mita 1 a ɗaƙiƙa, wanda irin wannan ruwa ya daskare a jikinsa kuwa yana haura 1.5 zuwa 2. A nan ne nake ganin ainihin darajar haɗin: tasha ɗaya ta radar gajimare tana koya wa ɗaruruwan manyan na'urori yadda za su fassara abin da suke gani.

Duk wannan a takarda yana da sauƙi. A aikace, kalmar “yanki ɗaya na gajimare” ita ce wahalar. Babbar rada tana cakuɗa abin da ke cikin kilomita guda ko fiye ta ba da adadi ɗaya, sau ɗaya a minti 5. Ƙaramar tana ba da ɗaruruwan adadi a wannan tsakani, kowanne na 'yan mitoci. Dole a dusashe hoton ƙaramar har ya yi daidai da na babbar, a kuma yi hasashen yadda iska ta tura gajimaren a tsakanin. Masu bincike a Norman ta jihar Oklahoma, ƙarƙashin Alexander Ryzhkov, sun fito da wata hanya a 2016: a ɗauki zagaye ɗaya da eriya ta ɗaga sosai, a haɗa matsakaicin dukkan kusurwoyi, a mayar da shi ginshiƙi na tsaye mai kama da na radar gajimare. Yana aiki da kyau a ruwa mai shimfiɗa ko'ina daidai, yana rushewa a hadari mai gungu-gungu. Jamus tana da wata hanyar: a kowane zagaye na minti 5 na'urorinta kan kalli sama tsaye na ɗan lokaci. Don saiti aka fara yin haka, daga baya aka ga cewa bayanan kansu suna da amfani wajen nazarin dusa da ƙanƙara.

Akwai kuma wani tarko da ko ƙwararru kan faɗa. Idan aka kalli ginshiƙin tsaye, zuciya takan karanta shi daga sama zuwa ƙasa kamar tarihin ƙwaya ɗaya. Ba haka ba ne. Dusar da ke saukowa mita 1 a ɗaƙiƙa daga tsayin kilomita 5 tana buƙatar fiye da minti 80. Idan iska na gudun mita 15 a ɗaƙiƙa, a wannan lokaci ta kwashe ta kilomita 75. Abin da ke ƙasan ginshiƙin wani wuri daban aka haife shi. Babbar rada ce kaɗai ke iya nuna daga inda ya fito.

Sai saiti, wato daidaita ma'aunin na'ura, wanda ba ya burge kowa amma komai a kansa yake. Lissafin da ke mayar da amsa zuwa milimitar ruwa, wanda asalinsa ya koma ga aikin Marshall da Palmer a Jami'ar McGill a 1948, yana nufin cewa kuskuren desibal 1, wato mataki ɗaya a ma'aunin dBZ, yana zama kuskuren kashi 15 cikin ɗari a ruwa, na desibal 3 kuma ya haura rabi. Idan bambancin zango biyu ake son aunawa, kuskuren na'urorin biyu haɗuwa yake yi, alamar da ake nema kuma sau da yawa desibal kaɗan ce. Manyan na'urori kan yi amfani da rana a matsayin ma'auni. Ƙananan kan dogara da na'urar ƙirga ɗigo da ke gefensu, ko wani ƙarfe mai kusurwa da aka rataye a kan hasumiya. Hanya mai wayo ita ce a duba ƙolin gajimare inda ƙwayoyi ƙanana ne, inda ya kamata duka biyu su yarda da juna, a ɗauki duk bambancin da ya rage a matsayin kuskure ko shanyewa. Ƙwari ma suna da nasu: a lokacin zafi suna cika kilomita ta farko, radar gajimare kuma tana ganinsu sarai, sai an kawo na'urar lesa ta tantance.

Taurarin ɗan Adam sun shigo nan a matsayin alƙali. TRMM ya kai radar ruwa ta farko sararin samaniya a 1997. CloudSat ya bi da zangon W a 2006, ya yi aiki har ƙarshen 2023. GPM, da aka harba a 2014, yana ɗauke da zango biyu a jiki ɗaya. EarthCARE na Turai da Japan, wanda aka harba a watan Mayun 2024, shi ne na farko da ke auna gudun faɗowa daga sama da zangon W. Tunda na'ura ɗaya ce ke ratsa kan tasoshi da yawa, ana gwada kowace tasha da ita, kuma an sha gano tasoshin ƙasa da suka kauce da desibal da dama ba a sani ba. Su ma taurarin suna da nasu makantar: amsar doron ƙasa tana rufe musu ɗaruruwan mitocin ƙarshe, kuma ba sa dawowa wuri ɗaya sai bayan kwanaki.

Abin da ya sa ake wannan wahala ba hasashen gobe kaɗai ba ne. Manhajojin da ke lissafa yanayi ba sa bin ɗigo ɗaya-ɗaya, ƙa'idoji na taƙaice suke amfani da su wajen yanke lokacin da gajimare zai koma ruwa. Bayanan CloudSat sun nuna cewa da yawansu suna yawan yin yayyafi fiye da kima, kuma ruwan nasu ba ya kai ƙarfin na gaske. Gajimaren da ya zubar da ruwansa da wuri ba ya daɗewa, ba ya kare ƙasa daga rana yadda ya kamata, kuma wannan yana shiga lissafin ɗumamar duniya, inda gajimare har yanzu shi ne babban tushen saɓani tsakanin manhajoji.

Inda nake da ja shi ne wajen da tasoshin suke. Shirin ARM na ma'aikatar makamashin Amurka ya buɗe babbar tasharsa a arewacin Oklahoma a 1992. Cloudnet, shirin Turai na tasoshin radar gajimare, ya fara a 2001 da Chilbolton ta Ingila, Cabauw ta Holan da Palaiseau ta Faransa, yanzu yana cikin ACTRIS, tsarin Turai na binciken sararin sama. Mafi yawan dogayen bayanai daga irin waɗannan wurare suke, masu sanyi, inda ruwa mai shimfiɗa ya yi yawa. Yankunan zafi galibi ziyara ake kai musu: tashar tafi-da-gidanka ta ARM ta yi 2006 a Yamai, lokacin da radar zangon C ta jami'ar MIT ke aiki a can, sannan ta tafi. A can sama, a hadarin yankin zafi, shimfiɗar narkewa tana kusa da kilomita 4.5 zuwa 5, iska tana hawa da ƙarfi, ruwa kuma yana makantar da gajeren zango cikin mintuna. Ƙa'idar da aka koya daga dusar hunturun Finlan ba lallai ta yi aiki a can ba, amma manhaja ɗaya ce ake lissafa duka biyun da ita.